Hanya Da Magudana Kafin Katanga: Jan Hankali Ga Mutanen Batsari Da Safana

Tun wajen 2019, da fitinar ɓarayin daji ta tsananta a ƙauyukan da ke bakin dajin Rugu, garin Batsari da garin Safana suka yi ta cika da baƙi. Ba baƙin fatauci ba ne, talakawa ne da aka raba da gonakinsu. Harin Tsauwa da Dankar cikin Fabrairu 2020, inda aka kashe mutum wajen 30, ɗaya ne kawai daga cikin abubuwan da suka tayar da jama'a. Wanda Allah ya bar wa ɗan abin hannu ya sayar da sauran bisashensa, ya sayi fili a bayan gari, ya tayar da ɗaki biyu ya zuba iyalinsa. Masu gonakin gefen gari kuwa da suka ga kasuwa ta buɗe, sai suka ɗauki igiya suka yanka su fuloti fuloti. Ko da ƙura ta lafa, da yawa daga cikin waɗannan bayin Allah ba za su koma ba, gama ɗansu ya shiga makaranta, matarsu ta kama sana'a. Saboda haka unguwannin nan sun zauna ke nan, kuma yadda aka shata su yau haka jikoki za su gaje su.

To, wa ke da iko da fili, wa kuma ke da iko da gini? Abu biyu ne dabam, amma yawancin mutane sun cuɗa su, daga nan asara take shigowa.

Game da fili, doka mai ci ita ce Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978. Ta ce ƙasar kowace jiha amana ce a hannun Gwamna. Inda Gwamna ya ayyana a gazet cewa ƙasar birni ce, shi kaɗai ke ba da izinin zama, shi ne kuma mai sa hannu a takardar mallaka. Abin da ke wajen wannan iyaka yana hannun ƙaramar hukuma, ita ce ke ba da izinin zama irin na gargajiya, har eka-eka mai yawa: hekta 500 don noma, 5,000 don kiwo, abin da ya haura sai da yardar Gwamna. Dokar ta kuma sa a kafa kwamitin shawara kan rabon fili a kowace ƙaramar hukuma. Ga mutanen Arewa wannan ba baƙon abu ba ne ƙwarai, don tun shelar Turawa ta 1910 da dokar Jihar Arewa ta 1962 ƙasa tana hannun hukuma. Abin da ya sake shi ne, a zamanin En'e maganar hakimi da dagaci ita ce maganar hukuma, amma tun gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ikon ya koma sakatariya.

Wannan ba rage darajar iyayen ƙasa ba ne. Sarkin Ruma a Batsari da Yariman Katsina a Safana, da dagatai da masu unguwannin da ke ƙarƙashinsu, su ne suka san gonar wane ta yi iyaka da ta wane, ba kuma cinikin da zai tsaya da ƙafarsa in babu shaidarsu. Amma takardar da mai unguwa ya sa wa hannu shaida ce cewa an yi ciniki, an biya, mai sayarwa ba ɓarawo ba ne. Ba ta ce wurin ya dace da gini ba. Mutum yana iya riƙe da takarda sahihiya, da shaidu adalai huɗu, alhali filin da ya saya burtali ne, ko bakin rafi, ko inda aka riga aka zana hanya a taswira.

Izinin gini ƙofa ce ta biyu. Asalinta dokar tsara garuruwa ta 1946, wadda dokar soja mai lamba 88 ta 1992 ta maye gurbinta. A 2003 Kotun Ƙoli, cikin shari'ar da Jihar Legas ta kai Gwamnatin Tarayya, ta yanke cewa tsarin gari hurumin jihohi ne. Saboda haka a nan maganar tana hannun Hukumar Tsara Birane ta Jihar Katsina, tare da ma'aikatar filaye da safiyo. Tafarkin kuwa ba boyayye ba ne. Mai gini ya kai shaidar fili, da awon safiyo, da zanen ginin da yake nufi. Ma'aikaci ya zo ya duba wurin: nawa aka ja baya daga hanya, ina ruwan gidan zai bi, ina za a haƙa masai, yaya nisansa da rijiya. In an gamsu a buga hatimi. Wanda ya tsallake wannan, ana iya shafa masa jan fenti a bango a tsayar da aiki, a ba shi wa'adi, in ya ƙi a rushe. A nan ne ɗacin yake, domin in hukuma ta karɓi fili don amfanin jama'a, diyyar da doka ta tanada ta abin da aka ɗora a kan ƙasa ce, gini ko shuka, ba ta ƙasar kanta ba. Wanda kuwa ya yi gini ba izini a kan hanya, da wuya ya sami bakin neman ko kwabo.

Akwai masu cewa duk wannan bidi'ar Nasara ce. Wanda ya faɗi haka bai buɗe littattafan da ke cikin zaurensa ba. Hadisin da ya hana cuta da ramuwar cuta yana cikin Muwaɗɗa, kuma a kansa malaman Malikiyya suka gina babi guda na hukuncin maƙwabtaka. Ya tabbata cikin Buhari da Muslim cewa in an yi saɓani kan faɗin hanya, a bar mata kamu bakwai. Malamai sun yi magana kan tagar da ke leƙa gidan maƙwabci, da indararon da ke zuba a katangar wani, da hayaƙin matoya, da warin majema, da masai kusa da rijiya. A Tunis, cikin ƙarni na 14, wani magini da alƙalai ke aikawa duba gine-ginen da ake jayayya a kansu, Ibnur Rami, ya tara waɗannan hukunce-hukunce cikin littafi guda. A ƙasar nan ma, Alƙalin Gwandu Idrisu ɗan Halidu ya tattara mas'alolin da alƙalai suka fi bukata cikin ƙarni na 19, har da na hanya da katanga da magudana. Kamu bakwai ɗin nan an auna shi ne don raƙumi mai kaya ya gifta ɗan'uwansa. Yau abin da zai gifta motar kashe gobara ce da motar ɗaukar mara lafiya, ga shi kuma a awon igiya akan bar lungun da ko amalanke ba ta juyawa, don mai gona ya ƙara fuloti ɗaya.

Ruwa kuwa ba ya karanta takardar mai unguwa. Cikin Yuli 2018 ambaliya ta auka wa Jibiya, maƙwabciyar Batsari ta arewa, cikin dare, ta ci fiye da mutum 40, ta rushe ɗaruruwan gidaje. Kududdufin da kakanni suka haƙa suka ɗebi ƙasar gini ba rami ne na banza ba, shi ne tulun da ke karɓar ruwan unguwa. In aka cike shi da shara aka sayar, ruwan bai fasa zuwa ba, sai dai ya nemi ɗakin wanda ya fi kowa ƙasa, wanda kuma galibi shi ne ya fi kowa talauci.

'Yan kasuwa suna da nasu kason. Mai kanti ya fitar da dakali taku biyu, na kusa da shi ya ga haka ya fitar da rumfa taku uku, kafin shekara ta kewayo lambatu ya shige ƙarƙashin siminti, ranar kasuwa mota da babur da jaki suna gwama kai. Wasu har sukan kafa shago ƙarƙashin wayar lantarki, alhali ƙa'ida ta ce ko wayar da ke ratsa gari a bar mata mita biyar da rabi kowane gefe. Malamai ma ba su kuɓuta ba. Sau nawa aka ci hanya da sunan faɗaɗa masallaci ko rumfar almajirai, kowa ya yi shiru don kunya? Hanya haƙƙin jama'a ce duka, da makaho da mai ciki da mai ɗauke da gawa, kyakkyawar niyya ba ta mai da ita halal ga mutum ɗaya. Kuma tun da yake malami ne ake kira ya rubuta takardar ciniki ya shafa fatiha, ya kamata ya taka ya ga filin da idonsa kafin ya tsoma alƙalami a tawada.

Amma kaso mafi girma na hukuma ne, dole a faɗa. Ba adalci ba ne a zuba ido mutum ya haƙa harsashi, ya jera bulo, ya ɗora kwano, sa'an nan a zo da jan fenti. Wanda ya tsere da rigar wuyansa daga ƙauye ba shi da kuɗin safiyo da mai zane da motar zuwa Katsina sau uku, kuma dokar da talaka ba ya iya bi, kewaye ta zai yi. Tsarin Mulki na 1999 ya ɗora wa ƙaramar hukuma gina tituna da magudanu, da kula da kasuwa da tasha da maƙabarta, da sa wa tituna suna da gidaje lamba. Wannan ya isa hujjar da shugabannin Batsari da Safana za su riga jama'a isa bayan gari. A kira safiyo, a zauna da hakimi da masu gonaki, a kafa turakun hanya da na magudana tun ƙasa tana fili, a ware wurin makaranta da maƙabarta da burtali. Mai gona ya sayar da abin da ya rage a cikin wannan shaci, ba wanda ya hana shi. A yi zanen gida iri biyu ko uku, na ɗaki biyu da na huɗu da zaure, a ajiye a sakatariya, wanda ya zaɓi ɗaya a buga masa hatimi nan take da kuɗi kaɗan da rasit. A kafe taswirar a ƙofar fadar hakimi da bakin kasuwa, a rubuta bayaninta da boko da ajami, domin mai saye ya duba kafin ya ƙirga kuɗi. Lokacin wannan aiki kuwa rani ne, daga an kawar da kara zuwa saukar ruwan fari, don a cikin watannin nan ne ake yanka gonaki ana buga bulo.