Yadda cutar kansa ke raunana garkuwar jiki

A shekarar 2025 wasu masu bincike a Japan suka wallafa wani rahoto a mujallar Nature, wanda ya nuna cewa ƙwayoyin cutar kansa kan tura gurɓatattun maitokondiriya cikin ƙwayoyin garkuwar jiki da ke yaƙarsu.

Maitokondiriya dai wasu 'yan mitsi-mitsin sassa ne a cikin ƙwayar halitta, masu sarrafa abinci da iska su samar da kuzari, kamar janareta a gida. Ƙwayar garkuwar da aka cusa wa lalatacce sai ta galabaita, ta kasa kai hari.

Binciken ya gano cewa majinyatan da ke da irin wannan gurɓata ba su cika amfana da magungunan zaburar da garkuwar jiki ba, waɗanda ake kashe maƙudan kuɗi a kansu.

Wannan ya sha bamban da ra'ayin Otto Warburg, Bajamushen da ya ci kyautar Nobel a 1931, wanda ya ɗauka cewa lalacewar maitokondiriya ce asalin cutar. Daga baya aka fahimci cewa akasarin nau'o'in kansa na buƙatar masu aiki kafin su bunƙasa.

Sai dai kashe wa kansa janareta ba abu ne mai sauƙi ba, domin zuciya da jijiyoyi ma da shi suka dogara. A Amurka an dakatar da gwajin wani magani mai toshe aikin maitokondiriya, bayan da ya illata jijiyoyin majinyata, kamar yadda aka bayyana a 2023.