Martani: Korar Ungozoma Ba Za Ta Ceci Mai Jego Ba

Malam, na karanta rubutunka da ka ce a hana ungozomomin gargajiya kusantar masu haihuwa, wai su ne silar mutuwar mata a ƙauyukan Zamfara. Ban yarda ba.

Idan naƙuda ta kama mace a Dosara cikin dare, ga damina, ga tsoron 'yan bindiga a hanyar Talata Mafara ko Maradun, wa kake so ya zauna da ita? Ungozoma ce ke riƙe mata hannu, ta ɗora tukunyar ruwan zafi, ta gyara wa jariri kama nono idan ya ƙi. Ita ce mai jego ke saurara, kuma ita ce uwar miji ke jin kunyarta.

Kurakuran ungozomomi sanannu ne. Akwai masu matse dakashi su zubar, alhali shi ne garkuwar farko ta jariri. Akwai masu ɗura wa jinjiri ruwa tun kafin suna, bayan Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a sa shi a nono cikin awa ɗaya da haihuwa, a ba shi nono zalla har wata 6. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta kunun kanwa da zafin wankan jego da ciwon zuciyar masu jego.

Duk wannan da koyarwa ake gyara shi. Ina kira ga hukumomin lafiya na Talata Mafara, Bakura da Maradun su horar da ungozomomi su gane zubar jini da jijjiga, su riƙa rako mata asibiti da wuri.