Ciwon gwiwa: Me ya sa likitoci ke fifita motsa jiki a kan ƙwayoyi?

Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna cewa a shekarar 2019 mutane kimanin miliyan 528 ne ke fama da amosanin gaɓɓai a duniya, kuma miliyan 365 daga cikinsu a gwiwa cutar ta kama su.

Cutar na faruwa ne idan guringuntsin da ke lulluɓe da bakin ƙasusuwa ya sassaɓe, gwiwa ta riƙa ciwo tana sanƙarewa. Tafiya da hawan bene su gagara, wani ma sai a kan kujera zai yi salla.

An daɗe ana ɗaukar cewa hutu da maganin kashe zafi su ne mafita. To amma yanzu ra'ayin masana ya sauya.

A shekarar 2022, hukumar NICE mai tsara ƙa'idojin jinya a Ingila ta jaddada cewa motsa jiki da rage ƙiba su ne ginshiƙin magani. Ta kuma gargaɗi likitoci da su daina bayar da ƙwayoyin kashe zafi masu ƙarfi da ke sa jaraba.

Dalili kuwa shi ne, tsokar gaban cinya ce ke tallafa wa gwiwa wajen ɗaukar nauyin jiki. Idan mutum ya daina tafiya don gudun ciwo, tsokar za ta yi rauni, nauyin ya koma kan gaɓar, ciwon ya ƙaru.

Atisayen da likitocin gashi ke koyarwa ba ya buƙatar tsadaddun na'urori: tashi da zama a kan kujera, ɗaga ƙafa a miƙe yayin da ake kwance, hawa da sauka a kan matakala, da tattaki.

A ƙasar Denmark, shirin GLA:D da aka soma a 2013 ya ƙunshi darussan wayar da kai da kuma zaman atisaye 12 cikin makonni 6, kuma ƙasashe irin su Kanada da Ostareliya sun ɗauke shi.

Sai dai hanyar na da nata ƙalubalen. Atisaye ba ya dawo da guringuntsin da ya lalace, kan ƙara ciwo a farkon farawa, kuma amfaninsa na dushewa idan aka daina. Wanda cutar ta ci ƙarfinsa zai iya buƙatar tiyatar sauya gwiwa.

A arewacin Najeriya kuwa, likitocin gashi sun fi yawa a manyan asibitocin birane, irin su asibitin ƙashi na Dala da ke Kano, alhali ƙwayoyi kamar diclofenac, masu iya illata ciki da ƙoda, na samuwa a kusan kowane kemis.

Abin jira a gani shi ne ko hukumomi za su kai wannan atisaye ƙananan asibitoci, inda akasarin dattawa ke fara kai kukansu.