Majigi a Ajin Lissafi: Ina Amfaninsa, Ina Iyakarsa?

Duk shekara idan sakamakon jarrabawar WAEC da NECO ya fito, darasin da iyaye suke fara dubawa shi ne lissafi. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Yawancin kwasa-kwasan jami'a da na kwalejoji ba sa karɓar ɗalibin da ba shi da kiredit a lissafi da Turanci, ko da ya ci sauran darussa da kyau. Yara nawa ne masu hazaƙa a Fagge da Sabon Gari suka zauna gida shekara ɗaya ko biyu saboda wannan darasi kaɗai? Shi ya sa muka ga ya dace mu tattauna batun da ake ta muhawara a kansa a ɗakin malamai, wato koyar da lissafi da ƙididdiga ta hanyar bidiyo.

Da farko dai, abin ba sabo ba ne. Tun zamanin Turawa ake yawo da majigi gari-gari a Arewa ana nuna wa jama'a tsabta da dabarun noma. A 1964 Jamhuriyar Nijar, da taimakon Faransa, ta fara koyar da 'yan firamare ta talabijin, sai dai shirin bai kai ga yawancin makarantun ƙasar ba. A 2006 wani Ba'amurke mai suna Salman Khan ya fara sa gajerun darussan lissafi a YouTube, waɗanda suka zama Khan Academy. A 2020 kuma, da annobar korona ta sa aka rufe makarantu, an koma ba da darussa ta rediyo da talabijin a nan Kano. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ya nuna cewa na'ura tana iya kai darasi nesa, amma wanda zai zauna da yaro ya ga ko ya gane, wannan aikin mutum ne.

Hausawa sun ce gani ya kori ji, kuma a fannin ƙididdiga maganar gaskiya ce. Bari mu ba da misali. A ce 'yan kasuwa biyar a Kantin Kwari sun tashi da ribar yini kamar haka: naira 2,000, da 2,500, da 3,000, da 3,500, na biyar kuma babban dila ne, ya samu 39,000. Idan aka haɗa aka raba biyar, matsakaicin riba naira 10,000 ne. To amma a cikinsu mutum huɗu ba wanda ya samu ko rabin wannan kuɗi. Idan kuwa aka jera su daga ƙarami zuwa babba aka ɗauki na tsakiya, sai a samu 3,000, wanda ya fi kusa da halin da yawancinsu suke ciki. Malami zai iya rubuta wannan a allo, amma a bidiyo ɗalibi zai ga sandar dilan tana tsawo, matsakaici yana bin ta sama, na tsakiya kuwa yana nan inda yake bai motsa ba. Yaron da ya ga wannan da idonsa, gobe idan wani ya zo masa da alƙaluma yana cewa "matsakaicin kuɗin shigar jama'a ya ƙaru", zai san tambayar da zai yi.

Amfani na biyu shi ne bidiyo ba ya gajiya kuma ba ya tsawa. A aji mai ɗalibai hamsin, yarinyar da ke jin kunyar ɗaga hannu za ta iya mayar da darasi baya sau biyar a gida ba wanda zai yi mata dariya.

Amma fa akwai haɗari, kuma wajibi ne mu faɗe shi. Lissafi ba kallo ba ne. Mai kallon ƙwallo a gidan kallo ya san kowace dabara, amma a sa shi a fili minti goma a ga yadda za a ƙare. Haka ɗalibin da ya kalli wani yana warware tambaya zai ji kamar ya iya, sai ranar jarrabawa takarda ta tona masa asiri. Saboda haka ra'ayinmu shi ne kada bidiyo ya wuce minti goma a darasi. Malami ya tsayar da shi kafin a nuna amsa, kowa ya ɗauki biro ya gwada, malami ya zaga yana duba littattafai, sa'an nan a ci gaba. Bidiyon da aka kunna malami ya fita hira, ɓata lokaci ne da ɓata kuɗin iyaye.

Haɗari na biyu shi ne bambanci tsakanin ɗalibai. Ba kowane gida ne yake da babbar waya ko kuɗin data ba, ga kuma ɗaukewar wuta. Makarantar mishan an kafa ta ne domin ɗan mai hali da ɗan talaka su zauna benci ɗaya. Idan muka ce kowa ya je ya kalla a gida, mun raba ajin biyu ke nan. Mafita ita ce makaranta ta sauke darussan sau ɗaya, ta nuna su a aji, ta kuma tura wa masu buƙata a katin waya, yadda masu tura fina-finai suke yi a bakin titi.

Na uku, yawancin bidiyon da ake samu daga waje suke, da dala da mil da karin harshen da yaranmu ba su saba ji ba. Abin mamaki, a garin nan ne aka fito da fim ɗin Turmin Danya a 1990, daga nan sana'ar fim ɗin Hausa ta bunƙasa. Masu ɗaukar hoto da masu tacewa suna nan birjik. Me zai hana mu shirya namu? 'Yan aji huɗu su je kasuwar Sabon Gari su rubuta farashin mudun shinkafa kowace Asabar har zango ya ƙare, su zana jadawalinsa, a ɗauke su suna bayani da Hausa da Turanci. Hausa domin a gane, Turanci domin da shi za a rubuta jarrabawa. Su ɗauki ƙidayar 1991 da ta ba Nijeriya mutum kusan miliyan 89, da ta 2006 da ta ba da miliyan 140, su lissafa ƙarin da kansu.

Kada kuma wani ya ce lissafi na wasu ne. Muhammadu al-Katsinawi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741, ya yi rubutu a kan jadawalin lambobi da masana suke nazari har yau. Farfesa Iya Abubakar ya shugabanci sashen lissafi a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya yana matashi. A cikin Littafi Mai Tsarki ma akwai littafi guda da ake kira Littafin Ƙidaya, Ubangijinmu kuma ya koya mana cewa mai son gini ya fara zama ya lissafa abin da ginin zai ci.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Muna roƙon Ƙungiyar Iyaye da Malamai, da tsofaffin ɗalibai, da Zumuntar Mata, da dattawan ikilisiya, su taimaka da majigi ɗaya da na'urar wuta mai aiki da hasken rana domin ajin lissafi. Ku kuma ɗalibai, duk darasin da kuka kalla, ku bi shi da tambayoyi goma da hannunku kafin ku kwanta. Allah ya ba mu hikima, ya sa albarka a karatunku, amin.