Haƙƙin Wanda Ya Horar da Ɓerayen Hamada

Ya ku malamai da fatake, ku sani cewa idan ana ba da labarin Yaƙin Hitila a ƙasashen Masar da Libiya, lalle a ambaci rundunar Ingila ta 7 mai motocin sulke, wadda ake yi wa laƙabi da Ɓerayen Hamada saboda hoton ɓera mai tsalle da ke jikin motocinta. Amma ba safai akan ambaci wanda ya raine ta ba, ni kuwa ina ganin an tauye masa haƙƙi.

Sunansa Janar Hobart. A 1938 aka aike shi Masar, ya iske tsofaffin motoci da sojan da ba su san dawa ba. Ya tsare su da horo: gane hanya inda babu hanya, tattalin ruwa da mai, gyaran mota nesa da gari. Duk madugun da ya taɓa jan ayari ya san cewa da waɗannan akan isa zango. Sai dai shi mutum ne mai kaushin harshe, ba ya raga wa na gaba da shi. A ƙarshen 1939 aka tuɓe shi, alhali rundunar ba ta ko ga abokin gāba ba tukuna.

Da Italiya ta shiga yaƙi a Yunin 1940, almajiransa suka ƙwace ganuwar Kafuzo a kan iyaka. A Disamba suka zagaye Italiyawa a Sidi Barrani, tare da sojan Indiya.

Babbar hujjata ita ce Beda Fom, a Fabrairun 1941. Italiyawa na gudu ta hanyar bakin teku, sun bar Bingazi, sojan Ostireliya na biye da su. Ɓerayen Hamada kuwa suka yanke ta cikin duwatsu da rairayi, wajen mil 150, da motocin da suka riga suka jigata, suka tare musu gaba. Bayan kwana biyu ana gwabzawa, fiye da mutum 20,000 suka miƙa wuya. Wa zai ce jarumtaka kaɗai ta ƙetare da su wannan dawa? Karatun da aka biya musu tun kafin yaƙi ne.

Masu cewa Italiyawa ba su da kayan kirki, akwai gaskiya a maganarsu, domin da Romel ya iso da Jamusawa, a Afrilu ya maido da yawancin ƙasar. Amma a lokacin rundunar tana Masar, ana gyaran motocinta.

Hobart kuwa, bayan tuɓewarsa, ƙaramin kofur ya zama cikin 'yan tsaron gida a Ingila, sai da Cocil ya sa baki aka mai da shi aiki a 1941.