Hakkin Baƙon Ma'aikaci A Kan Ubangidansa

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, duk wanda ya san ƙasar Rima, daga Goronyo zuwa Wurno har Rabah da ƙauyukanta irin su Maikujera, ya san da damina ta ɗauke sai 'yan cin rani su sauko daga Adar da Ƙonni da Madawa. Su ne ke dashen albasa da tafarnuwa a fadama, su ne ke gadin shaguna da dakon buhuna, balle tun da aka gama madatsar ruwa ta Goronyo a 1984 noman rani ya ƙara faɗi. Da yawanmu kuwa ba mu ɗauke su baƙi ba, don harshenmu ɗaya, alƙiblarmu ɗaya, har da auratayya. Wannan gaskiya ne, amma ba ya ɗauke wa mai ɗaukar ma'aikaci nauyin bin dokar shige da fice.

Shari'a ba ta hana ɗaukar baƙo aiki ba. Annabi Musa, alaihis salam, baƙo ne a Madyana, aka yi ijara da shi ta shekara takwas, in ya so ya cika goma, kamar yadda Suratul Ƙasas ta ba da labari. Abin lura shi ne an fayyace wa'adi da lada tun farko. Haka kuma Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya ɗauki Abdullahi ɗan Uraiƙiɗ ya nuna masa hanya ranar Hijira. Malamanmu kuma sun tabbatar da cewa biyayya ga shugabanni wajiba ce cikin abin da ba saɓon Allah ba, kuma tsarin sanin wanda ya shigo ƙasa maslaha ce ta jama'a.

To, me doka ta ce? Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta yarda ɗan ƙasashen ƙungiyar ya shigo ba biza, ya zauna kwana 90, muddin yana da takardar tafiya sahihiya. In zai wuce haka ya kama aiki, sai ya yi rajista a ofishin shige da fice ya karɓi katin zama. Wanda kuwa zai kawo injiniya ko makaniki daga Sin ko Indiya ko Masar, dokar 2015 ta wajabta masa neman izini tukuna, Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida ta ba kamfaninsa gurbi, kuma shi zai ɗauki nauyin baƙon har komawarsa gida. Mu tuna kuma Nijar ta fita daga ECOWAS ranar 29 ga Janairu, 2025. A lokacin ƙungiyar ta ce a ci gaba da barin mutanenta su shiga su fita har a ga abin da hali ya yi, watau sassauci ne da ana iya janyewa. Saboda haka mai hankali zai je ofishi ya tambaya kafin ya ɗauki mutum.

Wanda ya raina takarda ya dubi tarihi. Ranar 17 ga Janairu, 1983, Ministan Cikin Gida, Alhaji Ali Baba, ya ba baƙin da ba su da izini mako biyu su bar Nijeriya. An ƙiyasta wajen mutum miliyan biyu suka fita, mutanen Gana da Nijar da Cadi da sauransu, wasu sun bar kayansu da ladansu a hannun iyayen gidansu. Kafin nan, a 1969, gwamnatin Busiya ta Gana ta yi wa namu irin wannan, Hausawa da Yarabawa suka dawo hannu rabbana. Kullum in guguwar ta taso, lebura ta kan fara ɗauka, maigida yana zaune a inuwa.

Nan ne babban haɗarin yake ga addininmu. Akwai masu son baƙon da ba shi da takarda da gangan, don sun san ba shi da bakin kai ƙara. A rage masa lada, a riƙe masa katinsa, in ya yi magana a ce za a kira masa jami'ai. Alhali kuwa ya tabbata cikin Buhari cewa Allah da kansa zai zama abokin husumar mutum uku ranar Alƙiyama, ɗaya daga cikinsu wanda ya sa ma'aikaci aiki, ya karɓi aikin cikakke, ya hana shi ladansa. Hadisin bai ware ɗan ƙasa da baƙo ba.

Don haka muna kira ga 'yan kasuwa da manyan manoma, su san sunan wanda suka ɗauka da garinsu, su raka shi ofishi a yi masa rajista, su rubuta lada da wa'adi a gaban shaidu, su bar masa takardunsa a hannunsa. Ma'aikatan gwamnati kuwa, musamman na kan iyaka irin Illela, su sani hatimin da ke hannunsu amana ne. Wanda ya wahalar da talaka sai ya ba da na goro, shi ya kora shi hanyar daji, kuma tsinuwar da ke kan mai cin hanci ba ta bar mai bayarwa ba.

Allah Ya tsare mu da cin guminsu, Ya sa mu gama da duniya lafiya. Amin.