Kwatar Kef Taun: Kasuwa A Tudu, Kurkuku A Teku

Labarin wannan mako daga nesa na ɗauko muku shi. Aikin ofis ya kai ni birnin Kef Taun, can ƙarshen Afirka ta Kudu. Da na sami sukunin kwana biyu, sai na ce bari in ba ido abinci a kwatar jiragen ruwa, inda baƙi ke tururuwa, tun da an ce gani ya kori ji.

Ana kiran wurin da sunan Sarauniya Biktoriya da ɗanta Alfred, domin shi ya zuba duwatsun farko cikin 1860, sa'ad da aka soma ginin katangar da ke tare igiyar ruwa. Fursunoni aka sa suka yi aikin. Yau kuwa wurin ya zama kasuwa da dandali: ga kantuna, ga gidajen abinci, ga makaɗa, ga jiragen masunta suna ta harkarsu. Wani tsohon rumbun hatsi ma ba a rushe shi ba, sai aka mai da shi gidan nuna zane-zanen mutanen Afirka cikin 2017. In ka ɗaga kai sai ka ga Dutsen Tebur, bisansa a baje, girgije ya lulluɓe shi kamar mayafi.

To, duk wannan kallo ne kurum. Abin da ya tsaya mini a rai yana kusa da wata jar hasumiya mai agogo, watau inda a ke shiga jirgi zuwa tsibirin Robben. Ranar farko iska ta hana jirgi tashi, na koma masauki da ɓacin rai. Kashegari muka haye, tafiyar kamar rabin sa'a, cikina yana ta juyawa.

Wanda ya zaga da mu cikin gidan yarin, shi kansa ya yi zaman sarƙa a wurin. Ya nuna mana ɗakin da Nelson Mandela ya zauna, ƙuntatacce ƙwarai, ba kome ciki sai shimfiɗa da ɗan tebur da bokiti. Shekara 18 ya yi a tsibirin, daga 1964 zuwa 1982. Aka kai mu ramin da su ke fasa farin dutse, wanda ƙyallinsa ya ɓata masa idanu. A nan ne masu ilmi cikinsu su ke koya wa na baya karatu suna riƙe da diga, har waɗansu suka ci jarrabawa ta hanyar wasiƙa.

Ba su ne farau ba. Cikin 1780 mutanen Holanda suka kawo wani malami daga tsibirin Tidore, wanda ke cikin ƙasar Indonesiya ta yau, ana ce da shi Tuan Guru. Ya yi fiye da shekara goma a tsare, ya rubuta Alƙur'ani da ka. Da aka sake shi ya buɗe makaranta, shi ne kuma limamin farko na Masallacin Auwal, wanda aka kafa cikin 1794, masallaci na fari a ƙasar.

Da muka komo tudu na tarar ana ta ciye-ciye da ɗaukar hoto, ni kuwa kunya ta rufe ni. Littattafan jarrabawata shekara biyu ke nan suna cikin akwati, kullum ina cewa aiki ya yi yawa. Jama'a, mu akawuna da malaman makaranta muna da fitila, muna da albashi, ba wanda ya kulle mu. Me za mu ce ya hana mu?

Wanda Allah ya kai shi can, ya yanki tikitin jirgi tun da wuri, ya fara da tsibiri kafin kantuna. Ni dai na buɗe akwatina. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.

Naku,
Akawu Matafiyi